WASIYYA BA TA KASHE MUTUM: Darasi a Kan Gado, Wasiyya da Riƙon Amana

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da yawancinmu ba ma son a ɗauko zancensa a gida: me zai faru da gona, da gida, da dabbobi, da ɗan kuɗin da muka tara, ranar da Ubangiji ya kira mu? An shirya darasin domin a karanta shi a zumuntar maza, zumuntar mata, taron matasa, ko bayan sujada. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, a riƙa tsayawa ana tattaunawa. Zai fi kyau a raba shi zama biyu.

Abin da ya faru da wani gida

Daga ƙauyukanmu na wajen Sumaila, Rogo, Tudun Wada da Doguwa, mutane da yawa suna shiga birnin Kano neman abinci. Wasu sukan sauka a tashar Unguwa Uku, su sami ɗakin haya a Tarauni, Gyadi-Gyadi ko Darmanawa. Wani gadi yake yi, wani tuƙi, wani birkila ne, wani kuma ƙaramin ma'aikaci. Da damina su koma gida noma. Saboda haka dukiyarsu takan rabu biyu: rabi a ƙauye, rabi a birni.

A cikin aikin ziyara na sadu da wata gwauruwa wadda mijinta direba ne, ya yi shekaru yana haya a Gyadi-Gyadi. Yana da gona a ƙauye, da babur, da asusu a banki, da kuɗin fansho, ya kuma sayi ɗan fili a bayan gari. Ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu. Ana tashi daga zaman makoki sai 'yan'uwansa suka ɗauki akwatin takardunsa, suka ce za su adana. Wansa ya karɓi gonar, gama a al'adarsu mace ba ta gadon gona. Ƙaninsa ya riƙe babur, ya ce shi ya biya kuɗin magani. Da ta je banki sai ta tarar sunan ƙanin ne a takarda, domin mijin ya buɗe asusun tun yana saurayi bai kuma canza ba. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni, kuɗin mota ya cinye awakinta, babbar 'yarta ta bar makaranta.

Ta ce mini, "Malam, da bakinsa ya gaya mini filin nan na yara ne. Amma baki ba ya sa hannu."

Na ce, "Mama, akwai wanda ya ji lokacin da ya faɗa?"

Ta ce, "Daga ni sai Allah."

Ku lura, 'yan'uwan mijin nan ba baƙi ba ne, majami'a ɗaya suke shiga da ita. Kowannensu yana ganin yana da gaskiya. Abin da ya ɓace shi ne muryar mai dukiyar. Takarda guda da shaidu biyu da sun tsaya a madadinsa.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

A karanta waɗannan wurare, kowa ya faɗi abin da ya gani.

*2 Sarakuna 20:1-6.* Sarki Hezekiya yana kwance, annabi Ishaya ya kawo masa saƙo ya daidaita al'amuran gidansa. Ya yi addu'a, Allah ya ƙara masa shekara 15. Shiri bai gajarta kwanansa ba, bai kuma hana shi addu'a ba.

*Farawa 25:5-6.* Ibrahim yana da 'ya'ya daga ɗaki fiye da ɗaya. Tun yana da rai ya ba kowa nasa, ya bayyana magajinsa. Da ya rasu, Ishaku da Isma'ilu tare suka binne shi.

*Littafin Ƙidaya 27:1-11.* Zelofehad ya mutu bai bar ɗa namiji ba. 'Ya'yansa mata biyar suka tsaya gaban Musa da shugabanni suka nemi gādon ubansu, Allah kuwa ya ba su gaskiya. A duba kuma Ayuba 42:15, inda Ayuba ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza.

*Irmiya 32:6-15.* Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan baffansa. Ko da yake ciniki ne na cikin gida, ya auna kuɗi, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk ya ajiye cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Rubutu tsakanin 'yan'uwa ba rashin yarda ba ne.

*Yahaya 19:26-27.* Ubangijinmu, yana kan gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da zai kula da ita.

*1 Timoti 5:8 da Yakubu 1:27.* Kula da iyali, da marayu, da gwauraye, yana cikin ainihin bangaskiya.

Wasu suna cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Mai ɗaure rumbu da kaka ba yunwa yake kira ba. Wasu kuma suna cewa, "Ni me nake da shi?" Ku tuna, rigimar gādo ta fi zafi a gidan da abin bai da yawa, gama idan gona guda ta tafi, abincin yara ne ya tafi.

Idan mutum ya rasu ba wasiyya

A Nijeriya ba doka ɗaya ce take raba gādo ba. Akwai shari'ar Musulunci, wadda ta shafi Musulmi. Akwai al'adar kabilar mamaci. Akwai kuma rubutacciyar dokar gwamnati. Idan babu wasiyya, irin auren da mutum ya yi yana da muhimmanci ƙwarai wajen sanin wadda za a bi.

Auren da aka ɗaura bisa Dokar Aure ta ƙasa, wato wanda aka sa sanarwa a ofishin rajista, aka ɗaura a can ko a majami'ar da take da lasisi, aka kuma ba da takardar aure ta gwamnati, yakan sa kotu ta dubi rubutacciyar doka, wadda ta san rabon mata da na 'ya'ya. Amma da yawa cikinmu sadaki muka biya, fasto ya sa albarka, ikilisiya ta ba da katinta. Wannan aure ne a gaban Allah da jama'a, amma a idon doka yana iya zama auren al'ada, gādon kuma ya bi al'ada. Kowane gida ya ɗauko takardar aurensa ya nuna wa wanda ya sani.

Ko a ƙarƙashin al'ada ma, doka ta sa iyaka. Sashe na 42 na Tsarin Mulki na 1999 ya hana nuna bambanci saboda mutum mace ce ko namiji, ko saboda yanayin haihuwarsa. A watan Afrilu na 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da ya kamata kowane dattijo ya sani. A shari'ar Ukeje, ta ce al'adar Ibo da take hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa Tsarin Mulki. A shari'ar Anekwe da Nweke, daga Awka a Jihar Anambra, ta ƙi amincewa da al'adar da take raba gwauruwa da gidan mijinta domin ba ta da ɗa namiji. Amma ga abin lura: mutumin da aka yi shari'ar Ukeje a kan dukiyarsa ya rasu a 1981 ba wasiyya, hukuncin ƙarshe kuwa sai 2014. Shekara 33 ke nan. Wace gwauruwa ce a ƙauyenmu za ta iya jira haka?

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne na gurbin da ake rubuta "ɗan'uwa mafi kusa" a takardun banki da na wurin aiki. Wannan suna na wanda za a nema ne idan wani abu ya faru. Ba ya mai da mutum magaji. Kafin banki ya saki kuɗin mamaci, yakan nemi takarda daga kotu: ko ta tabbatar da wasiyya, ko ta ikon kula da gādo. Dokar Fansho ta 2014 ma haka ta ce game da kuɗin da ke asusun fansho na ma'aikaci. Samun takardar ikon kula da gādo yana bukatar shaidar mutuwa, da jerin dukiya, da masu tsaya wa mutum, da sanarwa, da kuɗin kotu. Idan iyali ba su shirya da juna ba, abin yakan ja.

A san kuma inda za a dosa. A Titin Kotu da ke Gyadi-Gyadi akwai kotunan majistare da Babbar Kotun Tarayya, mutane da yawa kuma can sukan fara zuwa. Amma ajiye wasiyya da ba da waɗannan takardu aikin Babbar Kotun Jiha ne, ta ofishinta na rajistar wasiyya da gādo. A Kano, a je Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Baƙo a tambayi wannan ofishi.

Mece ce wasiyya, yaya kuma ake yin ta?

Wasiyya takarda ce wadda mutum yake faɗin yadda za a yi da dukiyarsa bayan ransa. Ba ta aiki sai ya mutu. Muddin yana da rai dukiyarsa tasa ce, yana iya sayarwa, yana iya canza wasiyyar sau nawa ya ga dama. Al'ada ta san wasiyyar baki, amma tabbatar da ita yana da wuya, gama shaidu sukan mutu, sukan manta, sukan kuma ji tsoro.

Ƙa'idodin rubutacciyar wasiyya sun samo asali daga dokar Ingila ta 1837, wasu jihohi kuma, kamar Kaduna da Legas, sun yi tasu. Ga manyan sharuɗɗa:

1. Mai wasiyya ya zama babba, cikin hankalinsa, ba wanda ya tilasta masa.
2. A rubuta ta. Ana iya rubutawa da Hausa, sai dai kotu za ta bukaci fassara.
3. Ya sa hannu a ƙarshen takardar, ko ya dangwala yatsa.
4. Ya yi haka a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Ba dole su san abin da ke ciki ba.
5. Kada wanda aka bar wa wani abu, ko mijinta, ko matarsa, ya zama shaida. Idan ya yi shaida, rabonsa ya faɗi.
6. Idan mai wasiyya bai iya karatu ba, ko ba ya gani, a karanta masa cikin harshen da yake ji, a rubuta a jikin takardar cewa an yi haka ya kuma gane, tare da sunan wanda ya karanta masa.
7. A sa kwanan wata. Kada a goge ko a kankare. Gyara ko ƙari yana bukatar sa hannu da shaidu kamar na farko.

A cikin wasiyya a bayyana:

- Cikakken suna da na mata da na dukan 'ya'ya, har da na wani ɗaki ko na waje. Ɓoye yaro ba ya hana shi fitowa ranar makoki.
- Kowace kadara da kwatancinta. Kada a ce "gonata ta rafi" kawai. A faɗi maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa.
- Bashi: wanda ake bin ka da wanda kake bi, har da adashi, da gonar da ka karɓa ko ka bayar jingina, da dabbobin da ka ba da kiwo. Bashi da kuɗin jana'iza ake fara cirewa kafin rabo.
- Masu zartar da wasiyya. Zaɓi mutum biyu masu gaskiya, waɗanda ba su tsufa ƙwarai ba, ka nemi yardarsu tun yanzu. Matarka tana iya zama ɗaya daga cikinsu, kuma mai zartarwa yana iya cin gādo.
- Wanda zai riƙi yara idan uwa da uba duka ba sa nan.
- Wanda zai ɗauki abin da ya rage wanda ba a ambata ba.

Bayan an gama, a kai ainihin takardar ajiya a ofishin rajistar wasiyya, ko wurin lauya, a karɓi rasit. A gaya wa masu zartarwa inda take. Wasiyyar da gara ta ci a cikin ɗaki, ko wadda ba wanda ya san da ita, daidai take da babu. A sake duba ta idan an yi haihuwa, ko rasuwa, ko an sayi sabon abu. A kula: ɗaura aure bisa Dokar Aure yakan rushe wasiyyar da aka yi kafin auren, sai a yi sabuwa.

Muna ba da shawara a ga lauya ko da sau ɗaya ne. Kuɗin rubuta wasiyya bai kai kuɗin shari'a ba. Wanda ba shi da hali ya nemi shawara a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Dukansu suna aiki a Kano.

Abin da ba za ka iya bayarwa ba

Mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. Gandun gida da ba a raba ba na dangi ne. Ba za ka rubuta shi ga ɗanka kai kaɗai ba. Abin da ka saya da guminka, ko rabonka da aka riga aka yanka maka, shi ne naka. Gonar aro da ta jingina a rubuta su a matsayin aro da jingina, domin kada yara su gāji rigima.

Kayan matarka nata ne: awakinta, keken ɗinkinta, injin markaɗenta, gayaunarta, da kayan ɗakinta. Ka rubuta haka a fili domin kada a haɗa da naka. Idan tare kuka gina gida ko kuka sayi fili, a sa sunayenku biyu a takarda. Mata ma su yi tasu wasiyyar. Mace kuma ba kaya ba ce da za a gāda.

Game da ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Filin birni gwamna ne yake ba da takardar shaidar mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma tana ba da takardar haƙƙin zama na al'ada. Wanda ya sayi fili a Hotoro ko Unguwa Uku da takardar ciniki kaɗai, ya yi ƙoƙarin yi masa rajista. A ƙauye kuma, duk cinikin gona a rubuta shi, dagaci ko mai unguwa da maƙwabtan gonar su sa hannu.

Riƙon amana

Wasiyya tana faɗin wanda zai samu. Amma yaro ɗan shekara bakwai ba zai iya riƙe gona ba. A nan ne riƙon amana yake shigowa. Mun san shi a al'ada: mutum zai yi tafiya, ya bar wa amininsa saniya ya ce nonon na yaransa ne. Doka ta ɗauki wannan ta ba shi ƙarfi. Mutum uku ne a ciki: mai ba da amana, mai riƙon amana, da mai cin moriya. Dukiyar tana hannun mai riƙo, amma amfaninta na mai cin moriya ne.

Iri biyu ne. Akwai wadda ake rubutawa cikin wasiyya, ta fara aiki bayan mutuwa. Akwai kuma wadda mutum yake kafawa tun yana da rai, ya mai da kadarar hannun masu riƙo. Irin wannan kadara ba ta jiran takardar kotu bayan rasuwarsa. Idan fili ne, mai da shi yana bukatar yardar gwamna ko ta ƙaramar hukuma, saboda haka sai da lauya.

Ga misalin abin da direban nan zai iya rubutawa: matata ta zauna a gidan muddin ranta, ba mai fitar da ita. Gonar fadama tana hannun matata da wane a matsayin masu riƙon amana. A noma ta ko a ba da haya, a ciyar da yara a biya kuɗin makaranta. Kada a sayar da ita sai ƙaramarsu ta kai shekara 21, sa'an nan a raba musu daidai. Babur na ƙanina ne, saboda ɗawainiyar da ya yi da ni.

Kun ga a nan ba a manta da dangi ba. Wasiyya mai kyau takan tuna da tsofaffin iyaye da 'yan'uwan da suka taimaka, wannan kuwa yakan kashe wutar rigima tun ba ta kama ba.

Amana tana da amfani musamman ga ƙananan yara, ga yaro mai naƙasa wanda zai bukaci kulawa dukan ransa, da kuma ga ɗan da aka san zai sayar da gona cikin wata guda. Doka ta ɗora wa mai riƙo nauyi: kada ya haɗa kuɗin amana da nasa, kada ya ci riba da su, ya rubuta shiga da fita, ya kuma bi abin da aka rubuta. Idan ya ci amana ana iya kai shi kotu ya biya. A sa mutum biyu, zai fi kyau ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga na mata, a kuma faɗi wanda zai maye gurbi idan ɗaya ya rasu. Kafin a sa fasto, a tuna ana yi wa fastoci canjin wurin aiki. Masu dukiya mai yawa suna iya zuwa kamfanonin riƙon amana masu rajista da gwamnati, amma ana biyansu lada, sai a tambayi kuɗin tukuna.

Gidan da ke da addini biyu

A ƙasar Kano da wuya a sami dangin da ba su haɗa Kirista da Musulmi ba. Ya kamata mu san dokar 'yan'uwanmu, mu kuma girmama ta. A shari'ar Musulunci rabon kowane magaji a ƙayyade yake, wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, bambancin addini kuma yana hana gādo. Saboda haka ɗa Kirista ba ya cikin magadan uba Musulmi. Amma uban yana iya yi masa kyauta tun yana da rai ya danƙa masa a hannu gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya cikin kashi ɗaya bisa ukun nan. Haka kuma uba Kirista da yake da ɗa ko 'ya da ta musulunta, ya rubuta abin da yake so a ba ta, kada ya bar wa 'yan'uwa gardama. A yi wannan zance cikin ladabi tun tsofaffi suna da rai.

Akwatin takardu

Ko kafin a ga lauya, kowane gida ya tara waɗannan wuri guda, cikin leda, a akwatin ƙarfe: takardar aure, takardun haihuwar yara, takardun gona da fili, rasit na babur ko inji, sunan banki da lambar asusu, lambar fansho, katin ƙungiyar gama kai, da littafin bashi. Miji da mata duka su san inda suke, a kuma ajiye kwafi a wani gida. A je banki da wurin aiki a sabunta sunan da aka rubuta tun ana saurayi. Ma'aikacin da yake ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014 ya sani doka ta wajabta wa mai aikinsa ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba. Ya tambayi sunan wa aka rubuta a ciki. Asusun da iyali ba su san da shi ba yakan kwanta; bisa ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta 2024, kuɗin da ya yi shekara 10 a kwance ana mai da shi wani asusu na musamman a Babban Bankin. Magada suna iya nema, amma wa zai nemi abin da bai san da shi ba?

Aikin ikilisiya

- Dattawa su fara da kansu. Idan shugaba ya yi, sauran za su daina tsoro.
- A gayyaci lauya sau ɗaya a shekara, ikilisiyoyi uku ko huɗu su haɗa kuɗin motarsa.
- A sa wannan koyarwa cikin shawarar da ake ba masu shirin aure.
- Idan an yi rasuwa, dattawa biyu da shugabar zumuntar mata su rubuta kayan mamaci a gaban dangin miji da na mata, kafin a watse. Kada a taɓa kome sai an zauna.
- A raka gwauruwa banki da kotu. Kada a bar ta ta tafi ita kaɗai.
- A tuna da masu bishara da fastoci da suke zaune a gidan ikilisiya. Ranar da mai gidan ya rasu, ina iyalinsa za su koma? A taimake su su sami nasu wurin tun yanzu.
- Filin da wani ya ba ikilisiya a rubuta shi da sunan amintattun ikilisiya, 'ya'yansa su sa hannu.

A karanta Luka 12:13-21. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Yesu kuwa ya ja kunnen jama'a a kan haɗama. Takarda tana tsare gona, amma ba ta gyara zuciya. Dole koyarwa ta tafi tare da rubutu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A garinmu, me yakan faru da gwauruwa da 'ya'yanta a wata uku na farko bayan rasuwar miji?
2. Waɗanne al'adunmu na gādo ne suke kāre marayu? Waɗanne ne suke cutar da su?
3. Me labarin 'ya'yan Zelofehad ya koya mana game da 'ya'ya mata?
4. Me yake hana miji gaya wa matarsa abin da ya mallaka? Yaya za a magance wannan?
5. A labarin direban nan, me wansa da ƙaninsa ya kamata su yi? Me ikilisiya ya kamata ta yi?
6. Waɗanne halaye za mu nema ga mai riƙon amana?

Aikin wannan mako

Kowane magidanci ya zauna da matarsa, su ɗauki littafin rubutu, su yi jeri uku: abin da muke da shi, bashin da ake bin mu, bashin da muke bi. Wanda bai iya rubutu ba ya kira wanda ya amince da shi. A taro na gaba ba za a tambayi kowa abin da ya rubuta ba, za a tambaya kawai ko ya yi. Daga nan sai a sa ranar ganin lauya.

A rufe da addu'a domin gwauraye da marayun ikilisiya, a ambaci sunayensu ɗaya ɗaya, da kuma domin gidajen da gādo ya raba, Ubangiji ya ba su zuciyar sulhu.